Zalika Ba Ta Tsallaka Ba

Kakata Zalika ba ta iya barci ba. Ba wai wata tsayuwar dare take yi ta ibada da za a yi mata kirari da ita ba. Barcin ne kawai ya ƙi ta tun tana budurwa, ya kuma ci gaba da ƙin ta har ta tsufa. Mu jikokinta da wannan muka taso muna tsokanarta. Ni da nake ce mata matata, nakan ce sakinta zan yi in auro mai barci, don na gaji da macen da ta san lokacin da nake shigowa gida. Sai ta ce, "Tahi ka auro. Ranar da ɓarawo yaz zaka, sai ku yi mishi minshari shi gudu."

A Barmu aka haife ta, arewa da Tawa, zamanin Nasara. Ubanta Manzo manomi ne, ɗan gari gaba da baya. Uwarta Kadidiya kuwa daga wajen Tebaram aka auro ta, ba ta da kowa a Barmu sai mijinta da 'yarta. Ku riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

Tana da shekara goma sha uku ko kusa da haka gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka zo ɗibar maza aikin hanya, aka haɗa da Manzo. Tun daga daren nan take kwanciya tana kasa kunne ko za ta ji takunsa. Bayan 'yan watanni ya dawo, ya rame amma lafiyarsa lau. Barcin Zalika ne bai dawo ba.

Wanda bai taɓa rasa barci ba yana ɗauka abin wasa ne. Ta ce mini za ta kwanta tare da kowa, jikinta kamar an yi mata duka don gajiya, amma kanta ya ƙi yin shiru. Ta ji gari ya mutu, ta ji kukan jaki, ta ji numfashin uwarta, ta juya nan ta juya can har tabarma ta yi mata shaida a kumatu. Sai gab da asuba ɗan barci zai sace ta, kafin ya kai ko'ina taɓarya ta fara tashi a maƙwabta. Da rana idanunta jajur, kanta ya yi nauyi. Ta fasa tulu a hanyar rijiya, ta zuba wa miya gishiri ta manta ta sake zubawa. Magana kaɗan sai faɗa. 'Yan mata a dandali suka sa mata Mujiya, ita kuwa ta daina zuwa dandalin. Takan ɓuya bayan rumbu ta yi kuka, don ba ta san laifin da ta yi ba.

An yi magani, ba a zauna ba. Ta sha rubutu har ta gane ɗanɗanon tawadar kowane malami a garin. An rataya mata laya, an yi mata turare, an jiƙa sassaƙe masu ɗaci. Wata gwaggo ta ce lalaci ne, a ba ta aiki ta gaji. Aka haɗa mata surfe da ɗibar ruwa da itace a yini ɗaya, ta yi su duka, dare ya yi ta kwanta ido biyu, ga ciwon baya ya ƙaru a kan na da.

Dabarar da ta cece ta ita ta samo ta da kanta, kuma cikin fushi. Wani dare ta gaji da juyi, ta tashi ta lalubo mazarin uwarta da auduga, ta fita tsakar gida ta zauna. "Na ce ma kwana, in ka ga dama ka zaka, ni dai ba ni ƙara jiran ka," in ji ta, don a bakinsu barci shi ne kwana. Babu fitila, don man da za a ƙona ba na wasa ba ne. Da yatsu ta koyi kaɗi, tana shafa alli tana jin kaurin zare a fatar hannu. Farkon zarenta duk ƙulli ne, uwarta ta gani da safe ta yi dariya har da hawaye. Amma ba ta hana ta ba.

Daga nan ta kafa wa kanta doka. In ta kwanta barci bai zo ba, ba ta roƙonsa, tashi take ta ɗauki mazari. In mazarin ya suɓuce daga hannunta, nan take kishingiɗa inda take, kada tafiya ɗaki ta kore shi. Bayan azahar kuma takan shiga inuwar rumbu ta ɗan runtsa, Kadidiya na tsaron wurin kamar kaza mai 'ya'ya, ko akuya ba ta bari ta gifta. Ba warkewa ta yi ba. Idanun suna nan da jansu, kan yana nan da nauyinsa wasu ranakun. Amma kukan bayan rumbu ya ƙare, kuma dare ya daina ba ta tsoro.

Shekarun yaƙin Turawa ne, tufafin kanti sun yi wuya, kowa ya koma ga masaƙa. Zaren Zalika siriri ne, ba ya tsinkewa, har masaƙan Tawa suna tambayar na 'yar Manzo in an kai kasuwar Lahadi. Da labarin ya tsaya a nan, da na ce kakata mace ce mai dabara, shi ke nan. Abin da ya sa nake ɗaga kai in an ambaci sunanta ya faru ne wata bazara, tana da shekara goma sha biyar.

Darnin kara ne ya raba gidansu da na wata tsohuwa, Rahamatu, mace mai faɗa a ji a unguwar, wadda ko maza ba sa son ta buɗe musu baki. A gidan akwai matar ɗanta, Habi, da 'yar farin Habi, Safi, yarinya 'yar shekara uku. Tun da aka yaye Safi take hannun kakarta. A lokacin nan kunyar ɗan fari ba irin ta yanzu ba ce da ake yi a baki. Uwa ba ta kiran sunan 'yar, ba ta ɗaukarta gaban mutane, in ta faɗi ta fasa baki sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga ta. Balle a gaban uwar miji. Habi kuwa an san ta da kunya, har ana ba 'yan mata misali da ita.

Mazan gidajen biyu duk sun tafi cin rani kudu, sai masassara ta kama Safi. Zafin bazara ya sa kowa a tsakar gida yake kwana, yarinyar na kan tabarma gefen kakarta. Rahamatu takan yini tana jinya, amma in ta sa haƙarƙari a ƙasa ko ganga aka buga ba ta ji. Zalika na zaune tana kaɗi sai ta riƙa jin yarinyar na nishi tana neman ruwa. Ta leƙa ta kafar darni, ta ga mutum tsaye bayan rumbun Rahamatu, hannu a baki. Habi ce. Tana jin 'yarta, ta kasa taka ƙafa zuwa shimfiɗar surukarta.

"Yaya Habi," Zalika ta ce ƙasa-ƙasa, "in ɗauko miki ita?"

Hannu biyu kawai Habi ta miƙa.

Haka suka riƙa yi. Zalika ta ratsa ta kafar darni, ta ɗauko Safi a hankali, ta kai wa uwarta bayan rumbu. Habi ta rungume ta, ta ba ta ruwa, ta shafa mata jiƙaƙƙen tsumma, ba ta ko tari don kada a ji muryarta. Kafin zakara ya yi cara Zalika ta mayar da yarinyar. Habi ta roƙe ta don Allah kada kowa ya ji, ita kuwa ta ɗauki alkawari.

Masassara ta ƙi sauka. Wata rana da tsakar rana Safi ta fara sambatu, tana kiran Zalika, tana cewa Zalika ce ke zuwa da dare ta ɗauke ta. Aka duba bakin darni, ga sawun ƙafa. Yarinyar da ba ta barci, mai jajayen idanu, wadda uwarta baƙuwa ce ba a san asalinta ba. Kafin la'asar magana ta gama unguwa: 'yar Kadidiya mayya ce, ta kama kurwar Safi.

Yaran yanzu ba su san nauyin kalmar nan ba. Mutanenmu sun ɗauka a nono ake shan maita. In an ce 'ya mayya ce, to uwar ma haka, 'ya'yan da za ta haifa ma haka, har jikokin jikoki. Ba mai auren ku, ba mai cin tuwonku, in kun zo rijiya mata su janye 'ya'yansu. Kuma hanyar da aka sani ta warware abin ita ce a sa wadda ake zargi ta tsallake majinyacin, wai ta sakar masa kurwa. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan a gaban kowa. In ta ƙi, a ce ta riƙe kurwar da gangan.

Aka kira Zalika da uwarta gidan Rahamatu. Mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗe Safi a tsakiya. Habi na can gefe bakin turmi, kanta a sunkuye.

"Ɗiyar ga sunanki ɗai taka kira," in ji Rahamatu. "Ta ce ke ka zuwa da dare ki ɗauke ta, ga kuma sawunki bakin darni. Ba mu son magana ta kai ga mai gari, balle Tawa a turo muna gardawa. Ki tsallake ta ki sakam mata kurwa, a ruhe zance."

Wasu matan suka shiga lallashi, wai taku ɗaya ne, ta yi kowa ya huta. Kadidiya ta zube a ƙasa ta zauna. Zalika ta ce da ta dubi uwarta ta ga yadda ta tsufa a yini ɗaya, sai tsoron da take ji ya koma fushi.

"Kaka," ta ce, "ni ban kama kurwar kowa ba, ba ni sakin abin da ban kama ba. Ƙahwata ba ta tsallake ɗiyar mutane."

"To mi yak kai ki gidanmu cikin dare?"

Zalika ta dubi bakin turmi. Habi ba ta ɗago ba. Kalma ɗaya ce tsakanin Zalika da kuɓuta, tana kuma bakinta. Ta haɗiye ta.

"Wanga ba ni hwaɗi."

Wuri ya kaure da salati. Wata ta ce a kama ta a ɗaga mata ƙafar da ƙarfi. Sai Zalika ta ɗaga murya, yarinya ƙarama a gaban iyayenta mata, ta ce, "Kun ce da dare nika aikina. To ga dare nan shina zuwa. Ku aje ni tsakar gidan ga, ku zamna ku tsare ni hal sahiya. Abin da kunka gani da idonku, shi na."

Na taɓa tambayarta me ta taka da ta faɗi haka. Ta ce ba ta taka komai ba. Lokaci kawai take nema wa Habi, ko Allah zai ba ta ƙarfin zuciya. Sai kuma abu ɗaya da ta sani su ba su sani ba, wato tsawon dare.

Rahamatu ta yarda. Aka kori Kadidiya gida, ta je ta zauna jikin darni ta ɗaya gefen. Aka zaunar da Zalika nesa da tabarmar Safi, aka ce ko inuwar yarinyar kada ta taɓa. Ta roƙi a bar mata mazarinta, aka bar mata. Matan unguwa suka kewaye ta da goro da hira, kowace na cika bakin ita ba a yi barcin da zai ɗauke ta ba. Wadda ta fi cika bakin ita ta fara gyangyaɗi. Hira ta riƙa raguwa kamar wutar kara. Rahamatu ce ta fi daɗewa, da taɓarya gicciye a cinyarta, amma daga ƙarshe ita ma haɓarta ta sauka kan ƙirji.

Ga abin haushin. Barcin da ya shekara biyu yana gudun Zalika, daren nan ya ga damar zuwa, ya zo mata da nauyinsa duka. In kuwa ta kuskura ta runtsa wata ta farka ta gan ta, za a ce ga gangar jiki nan an bari, mayya ta tafi farauta. Duk sanda ta zo nan a labarin sai ta ja tsaki ta ce, "Munahuki!" Da tsinin mazari ta riƙa sokar cinyarta. Tabon na nan, kakanmu ya shaida.

Can Safi ta fara nishi tana neman ruwa. Ba wadda ta motsa a cikin masu tsaron. Zalika na ji, ga randa kusa, ba halin tashi. Ta san akwai wata da ba ta yi barci ba a gidan. Ta juya wajen ƙofar ɗakin Habi ta ce a hankali, "Yaya Habi, yau ba ni da hannu."

Sai asabari ya motsa. Habi ta fito, ta ratsa tsakanin matan da ke kwance, ta ɗebo ruwa, ta durƙusa gefen surukarta ta ɗauki 'yarta. Ba ta nufi bayan rumbu ba. Nan ta zauna a tsakiyar gida, da yarinyar a cinyarta, har gari ya waye.

Da Rahamatu ta buɗe ido abin da ta fara gani ke nan. "Ke Habi! Gabana?"

Matan suka tashi firgigit suna gyara ɗaurin zane. Habi ta amsa, kowa ya ji ta. "Inna, ki gahwarce ni. Ni ka aiken Zalika. Ni ka tsayawa bayan rumbu, ita ka kawo min ɗiyar in ba ta ruwa. Ni nar roƙe ta kada ta hwaɗi. Safi ɗiyata ta, ba ni iya jin tana kuka in kwanta."

Kakata ta ce salatin da aka yi don Habi ta kira sunan 'yar fari ya fi wanda aka yi don maita ƙarfi. Wata daga cikin masu tsaro ta fara cewa ita dai ido ɗaya ta lumshe, Rahamatu ta daka mata tsawa ta yi shiru. Sannan ta miƙe da taɓaryarta ta nufi darni. Kowa ya ɗauka wani sabon faɗa ne. Sai ta sa hannu ta fizge karan da ke gefen kafar nan har ta zama ƙofa sosai, ta leƙa ta ce, "Kadidiya, taho ki ɗauki ɗiyarki, ta gaji." Ba ta ce a yi haƙuri ba, Rahamatu ba ta san wannan kalmar ba. Amma da hantsi ta aiko da ƙwaryar hura da cuku, kuma ƙofar nan ba a sake toshe ta ba.

Ranar Zalika ta yi barci tun hantsi har la'asar sakaliya, har uwarta ta riƙa kai kunne hancinta. Ta ce a rayuwarta duka ba ta sake samun irinsa ba. Washegari da dare ta koma ga mazarinta.

Habi ta biya nata kuɗin da mutuncinta. An daɗe ana ce mata marar kunya, har 'yan mata suna saka ta a waƙar daka. Safi kuwa sai da ta ƙara makonni kafin ta miƙe, kuma a tsakanin nan akwai masu jira su ga ko za ta mutu su ce da ma sun faɗa. Na ce wa kakata ai Allah ya rufa asiri da yarinyar ta tashi. Ta ce haka ne, amma ita lokacin da ta ƙi ɗaga ƙafa ba ta san za ta tashi ba.

Daga shekarar nan, in jinya ta yi tsanani a unguwa, ko naƙuda ta yi tsawo, Zalika ake aikawa a kira. Ta je da mazarinta ta zauna gefen majinyaci, masu gida su samu su runtsa. Waɗanda suka sa mata Mujiya duk sai da ta yi zaman dare a kan 'ya'yansu, ba ta kuma taɓa fasa tuna musu ba, don kakata ba waliyyiya ba ce. Ta auri kakanmu Talle, mutumin da ke iya barci a kan jaki, suka zauna lafiya. Takan ce Allah ne ya ba shi nasa rabon ya haɗa masa da nata.

Da na tashi aure a Tawa, dangin yarinyar suka tura kawunta Barmu binciken asali, kamar yadda aka saba. Abin da ake tambaya ba ɓoyayye ba ne, kuma maita na cikin na farko. Aka nuna masa gidan wata tsohuwa da ta san kowa, ashe Safi ce. Ya faɗi sunana da na ubana. Ta ce, "Ku tahi ku ba shi. Jikan Zalika na, wadda ba ta tsallake ni ba."

Na zo da murnata na sami kakata a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu, idanunta sun dushe amma mazarin na hannunta. Na ce mata albishirinki, na yi miki abokiyar zama mai barci. Ta saurari abin da Safi ta ce, ba ta yi dariya ba. Ta daki ƙafarta ta dama da tafin hannu ta ce, "Da na ɗaga wagga ƙahwa ranar nan, yau wa ka ba ka mata?"

Na dubi ƙafar. Siririya, ta bushe, dugadugan duk faso. Na bar tsokanar da na zo da ita. Na shiga ɗaki na ɗauko man shanu, na zauna a ƙasa, na ɗora ƙafar a cinyata na fara shafa mata.